Me Zan Ce Mata Kai Ne, Taeho?

Ranar da Saje Boudreaux ya aiko a kira ni, hannuwana dumu-dumu suke da fulawa, warin albasa kuwa har cikin hulata. 'Yan uwa, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau, ni kaina idan na tuna sai na kifa fuska a filo ina dariya, duk da cewa a tsakiyarsa na sha kuka.

Ga waɗanda yau suka fara jin muryata, sunana Rhodora Macalinao, amma har kwamandanmu Dory yake ce min. A Iloilo aka haife ni, ƙasar Filifin. Ina budurwa muka koma Waipahu, can Hawaii ta Amurka, ni da Nanay, mahaifiyata, da katin zama kawai a hannunmu. Da na zo shiga soja na ci jarrabawa da makin da ya sa mai ɗaukar mu ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Sai dai me? Wanda bai zama ɗan ƙasa ba, ba a ba shi izinin ganin sirrin soja, kuma duk aikin da raina yake so sai da wannan izinin. Abin da ya rage min tuƙi ne, ko sito, ko kicin. Aka miƙo min ludayi. Shekara uku ke nan ina fasa wa ƙarti ƙwai, yawancinsu a nan barikinmu na Pyeongtaek da ke Koriya ta Kudu. Bara na ɗaga hannu na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, washegari ko karyawa ban yi ba na kai buƙatar sauya aiki.

Saje Boudreaux shi ke kula da masu son sauya aikin. Ƙato ne, mutumin Louisiana, idan ya yi dariya har kofin da ke kan teburinsa sai ya motsa.

"Zauna, Kofur. Amma kar ki taɓa min kujera da wannan hannun."

"Saje, idan maganar miyar jiya ce, ba ni na zuba gishirin ba."

"Miyar jiya mun bar ku da Allah. An samu gurbi. Makarantar harsuna ta Monterey, can Amurka, ajin Koriyanci. Ki gama ki zama mai saurare da fassara. Kin ajiye ludayi."

Ban san lokacin da na miƙe na kurma ihu ba. Fulawa ta tashi ta sauka a kan takardunsa, ya bi ta da kallo kamar zai yi kuka.

"Koma ki zauna, ban gama ba. Wannan aikin sai da izinin sirri mafi girma. Mai bincike za ta zo ta zauna da ke, ta tone ki tun daga ranar da aka yanke miki cibiya. Duk wani ɗan ƙasar waje da kuke da kusanci sai kin faɗe shi."

"Saje, ni kaina bara 'yar ƙasar waje ce. Dangina idan na fara lissafo su sai ta nemi hutu."

"Dangi ki lissafo su har da kajinsu, wannan sun saba gani. Ni yaron nan nake nufi, mai soya kaza a bakin babbar ƙofa."

Na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. "Wane yaro?"

"Kofur, a barikin nan har karnukan sintiri sun sani." Ya daina murmushi, ya jingina hannu a tebur. "Ki saurare ni da kyau. Son ɗan wata ƙasa ba shi ke kayar da mutum ba, balle ƙasar da muke ƙawance da ita. Ɓoyewa ke kayarwa. Za ta tambaye ki mene ne shi a wurinki. Ki tabbata kina da amsa, kuma ta gaskiya."

To ni kaina ban san amsar ba, shi ne matsalar.

Sunansa Pyo Taeho. A cikinmu ya yi aikin sojansa na dole, cikin samarin Koriya da ake haɗawa da rundunarmu. Kullum da safe a layina yake tsayawa, ya karɓi ƙwansa, ya koya min kalma ɗaya ta Koriyanci, ya wuce. Da ya gama wa'adinsa ya koma shagon mahaifiyarsa, ni kuma duk Asabar ina can. Ya san ba na cin wuyan kaza. Idan ana ruwa ya rako ni har ƙofa da lema a kaina, shi kafaɗarsa tana jiƙewa. Da na yi mura a hunturu, sai ga miya mai zafi an ajiye min a wurin masu gadi, an naɗe tukunyar da tawul. Amma baki? Gum. Kuma Nuna yake ce min, wato Yaya, don na girme shi da 'yan watanni. Na sani samarin nan haka suke kiran budurwar da ta girme su, amma haka suke kiran matar da ke sayar musu da kofi ma. To ni wacce ce a ciki?

Da na tashi aiki da rana na tarar da Tanisha Gaddis, abokiyar ɗakina, zaune a ƙasa tana warware kitso. Makanika ce, 'yar Georgia, bakinta ba birki. Tare muka yi tsallen murna har ta ƙasanmu ta bugo silin da tsintsiya. Sannan na kira Nanay.

Ta ɗauka tana cikin rigar nan tata ta zaman gida mai manyan furanni, gashi a naɗe da robobi, bayanta ga kantar da ta jera kyandirori da hotona cikin kaki. Ina faɗa mata ta saki wayar, sai silin nake gani ina jin tana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Da ta dawo idonta jawur, ta kira ni da sunan da take kira na tun ina ƙarama.

"Inday, 'yata! Da Tatay ɗinki, babanki, yana raye yau da unguwa ba ta yi barci ba."

Ban ƙarasa share nawa hawayen ba na yi kuskuren ambaton mai bincike. Nan take fuskarta ta canja.

"Wannan mai kazar fa? Za ki faɗe shi?"

"Dole ne, Nanay."

"Tita Baby ta ce ɗan maƙwabcinsu a kan wata 'yar waje aka hana shi izinin."

"Nanay, ɗan maƙwabcin Tita Baby kowa ya san caca ce ta kayar da shi."

Tita Baby aminiyar Nanay ce tun zuwanmu Hawaii, kuma uwar Jomar, wanda su biyun suka gama ɗaura mana aure a zuciyarsu tun ban san zancen ba.

"Jomar a Honolulu aka haife shi," in ji Nanay tana nuna ni da mataji. "Likitan haƙori. Gidansa gareji biyu. Idan kika ce Jomar, matar nan ko murfin biro ba za ta cire ba."

"Ba na son Jomar."

"So? Ni da na auri Tatay ɗinki so na ci?"

"Ke kika ce min ta taga kika gudu kika same shi."

"Kar ki canja min magana!" Ta ajiye matajin. Da ta sake magana muryarta ta sauka ƙasa, kuma wannan muryar ce nake tsoro. "Inday, shekara nawa ina juya tsofaffin mutane a kan gado, ina wanke musu jiki, bayana yana ciwo? Don kar ki tsufa a gaban murhu na yi. Yanzu ƙofa ta buɗe miki, za ki rufe ta da hannunki a kan mutumin da ko ce miki yana so bai yi ba?"

Wannan ta shige ni. Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Ko minti ba a yi ba saƙo ya shigo, Jomar ne, da hoton kansa cikin farar rigar asibiti:

"Mama ta gaya min labari mai daɗi! Ina taya ki murna. Kar ki manta, damuwa tana sa cizon haƙora cikin barci, zan iya aiko miki da abin karewa."

Tanisha ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta faɗi ƙasa tana riƙe da ciki. Ku fahimce ni, Jomar ba mugu ba ne, yana da kirki ƙwarai. Kawai dai idan yana min magana bakina yake kallo, kuma ba irin kallon da kuke tunani ba.

"Ke, Dory," Tanisha ta ce tana share ƙwalla, "ki je ki tambayi mutuminki kai tsaye. Ki ce ba ke ba ce, gwamnatin Amurka ce take son sani."

Ranar Asabar na fi awa a gaban madubi. Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan furanni, da gajeren jaket fari, da 'yan kunnen da Nanay ta ba ni ranar rantsuwa. Tanisha ta ja min kwalli, ta fesa min turarenta har sai da na yi atishawa. Ina shiga shagon ƙamshin tafarnuwa da man suya ya tarbe ni, sai ga Omoni, mahaifiyar Taeho, 'yar gajeruwa mai nannaɗaɗɗen gashi, da jan safar roba har gwiwar hannu.

"Aigo, dubi yadda kika rame! Sojojin nan ba sa ba ki abinci ne?"

"Omoni, ai ni ce mai dafawa."

"Shi ya sa."

Taeho ya leƙo daga kicin da tawul a wuya. Ya gan ni cikin rigar ya tsaya cak, har sai da man ya fara ƙauri uwarsa ta daka masa tsawa. Na ja shi bayan shago, inda suke jibge kwandunan kayan lambu. Da na faɗa masa maganar Monterey, farin cikin da na gani a fuskarsa ba na bogi ba ne. Ya ɗaga hannu biyu sama yana juyi kamar ƙungiyarsu ta ci ƙwallo.

"Nuna! Na gaya miki! Na gaya miki za su ɗauke ki!"

"Akwai sauran magana. Mai bincike za ta tambaye ni kai." Na dube shi ido cikin ido. "Me zan ce mata kai ne a wurina, Taeho?"

Hannuwansa suka sauko a hankali. Ya cire tawul ɗin ya shiga goge hannun da babu komai a jikinsa. Ya kalli kwando, ya kalli bango, ya kalli wata mage da ke wucewa.

"Ki ce malaminki ne na Koriyanci."

"Malami."

"Ko ki ce mai shagon da kike cin abinci."

"Shi ke nan?"

"Nuna, kin daɗe kina jiran wannan aikin."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya ce da ƙasa-ƙasan murya, "Shi ke nan."

Na rusuna masa irin rusunawar da ɗaliba ke yi wa malami, na ce na gode, na juya. Omoni ta biyo ni har titi da kwalin kaza tana kira, ban waiwaya ba. A bas kwallin Tanisha ya gangaro min har haɓa, wata tsohuwa ta miƙo min hankici.

Saƙonninsa suka riƙa shigowa. "Kin isa lafiya?" Washegari: "Za a yi ruwa, ki ɗauki lema." Bayan nan: "Omoni ta ce kin bar kazarki." Ko ɗaya ban amsa ba. Malami ai ba a hira da shi a waya.

Ranar binciken na goge kakina har sai da karinsa ya kusa yanka. Mai binciken Madam Whitlock ake ce mata, siririya mai furfura, tabarau rataye da igiya, ga filas ɗin shayi a gefenta. Tun da hantsi muka fara. Ta tambayi kawunnaina da goggonnina, wa ke aikin gwamnati, wa ke jirgin ruwa, wa nake kira duk mako. Ta tambayi ɗan filin da Tatay ya bari. Sannan ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Idan aka buƙaci ki ajiye fasfonki na Filifin fa?"

Ban zaci tambayar za ta taɓa ni haka ba. Na ga kabarin Tatay a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, da farin fentin da muke sake masa duk shekara.

"Zan ajiye, Madam. Babana ba zai tambaye ni da wane fasfo na zo gaishe shi ba."

Ta rubuta. Ta kurɓi shayi. "Pyo Taeho."

Muryar Nanay tana kunne ɗaya, ta Saje tana ɗayan. Kalmar malami tana kan harshena, ga ta da sauƙi, kuma shi da kansa ya ba ni ita.

"Shi dai ya ce malamina ne," na ce. "Ni kuma ina son sa. Ban taɓa faɗa da bakina ba, ke ce ta farko da ta ji."

"Mutane da yawa ni suke fara gaya wa," ta ce ko gezau. "Ya sani?"

"Ya kamata a ce ya sani."

"Ya taɓa tambayar ki wani abu game da aikin bariki?"

"Ya taɓa tambaya ta me ya sa ƙwanmu ba shi da ɗanɗano."

Gefen bakinta ya motsa kaɗan. Kafin ta sake wata tambayar aka ƙwanƙwasa, Saje Boudreaux ya zuro kai yana danne dariya da ƙyar.

"Afuwan, Madam. Masu gadi sun kira. Akwai wani mutum da mahaifiyarsa a ɗakin baƙi, ya ce ya zo ba da shaida a kan Kofur Macalinao, kuma ba zai tafi ba sai ya gan ki."

Madam Whitlock ta rufe biro. "Ba haka ake yi ba," ta ce. Sannan ta ɗauki jakarta. "Amma na gaji da zama."

Muka isa ɗakin baƙin. 'Yan uwa, da kun ga Taeho! Baƙar kwat ce a jikinsa wadda ta yi masa kaɗan, hannun rigar ya tsaya nesa da agogo, gashi an kwantar da mai har yana ƙyalli. Ya rungume wata jaka cike da takardunsa, tun daga na haihuwa har na sallamar soja. Omoni tana gefensa cikin jaket ɗinta shuɗi na zuwa biki, da sarƙa, da kwalaye huɗu na kaza ɗaure da ƙyalle. Masu gadi sun bar aikinsu sun zuba ido.

Ya ƙame kamar yana fareti, ya rusuna wa Madam Whitlock har ƙasa.

"Madam, ni ne na sa ta faɗa miki ƙarya. Laifina ne, ba nata ba."

"Ba ta faɗa min ƙarya ba."

Ya yi turus. "To me ta ce?"

"Abin da aka gaya min ba na faɗa wa kowa."

Ya juyo gare ni, wuyansa ja zur. Ashe lokacin da yake soja ya ji ana labarin wani da aka ce ya rasa aikinsa saboda budurwa 'yar Koriya, tun daga nan ya ɗaure bakinsa, wai sai na samu abin da nake nema. Ashe kuma jiya Tanisha ta dira shagonsu da kayan aikinta a jiki, sifana a aljihu, ta wanke shi tas a gaban kwastomomi, ta kuma gaya masa ranar binciken da lokacinsa.

"Dory," ya ce. Karon farko ke nan da na ji sunana a bakinsa ba Nuna. "Ni ba malaminki ba ne. Ban ma iya koyarwa ba, rabin abin da na koya miki maganar 'yan kasuwa ce. Ina son ki. Ina so in aure ki, idan kin yarda. Su bincike ni har kakan kakana, ba abin da za su samu sai kaji."

Omoni ba ta jin Turanci, amma ta gane. Ta ɗaga hannu ta ɗirka masa duka a baya, tim! "Shekara guda ina ce wa sakaran nan ya buɗe baki!"

Ni kuwa ga dariya ga kuka, hanci yana zuba, cikin kakin da na ɓata dare ina gogewa. Madam Whitlock ta gyara tabarau, ta cire murfin biro.

"Kofur, akwai abin da kike so ki ƙara a bayaninki?"

"E, Madam. Ki rubuta, wanda zan aura."

Masu gadi suka ɗauki tafi. Omoni ta tura wa Madam Whitlock kwalayen kaza, ita kuma ta ja da baya ta ce doka ta hana ta karɓar ko ƙashi. Saje Boudreaux ya miƙa hannu ya karɓe su duka. "Ni ba mai bincike ba ne," ya ce.

Kar ku ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Wanda za a aura ya fi malami jan tambaya. Aka dawo min da sababbin tambayoyi a kan danginsa, da wani kawunsa da ya taɓa aiki a ƙasashen waje. Hunturu ya shigo ya same ni a gaban murhu, ya kuma daɗe. 'Yan ajin da na so shiga suka tafi ba ni, aka ce in jira na gaba, idan an amince. Nanay ta daina ɗaukar wayata, sai dai kullum ta turo min addu'a ba ko gaisuwa. Akwai safiyar da nake fasa ƙwai hawaye na ɗiga a kan kaskon, ina cewa ko dai Nanay ce mai gaskiya? Taeho ya rame ya fi ni. Duk lokacin da na shiga shago sai ya dubi fuskata tukuna, idan na girgiza kai ya ce, "Gobe," ya ajiye min cinya biyu.

Bishiyoyin bakin hanya sun fara fitar da farin fure ranar da na ɗago daga kan tukunya na ga Saje Boudreaux a layin abinci ba faranti a hannunsa.

"Kofur Macalinao."

"Saje."

"Wa za ki bar wa ludayin nan? An amince. Ki fara haɗa kaya."

Ludayin ya faɗa cikin miya ya nutse. Na zagayo ta gaban kanta na rungume Saje, abin da doka ba ta yarda ba, shi kuma ya yi kamar bai lura ba. Ƙartan nan da nake cewa ba su iya godiya ba suka shiga buga cokula a kan tebur, ɗakin cin abincin ya ɗauka gaba ɗaya. Wani ya ɗaga murya daga baya, "To yanzu wa zai riƙa ƙona mana burodi?"

Da gudu na isa shago, ko kaki ban cire ba. Taeho ya dubi fuskata kamar kullum, wannan karon na gyaɗa kai. Ya ɗaga ni sama ya juya da ni har ƙafata ta ture kwandon albasa. Omoni ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta yi ba ko ranar da ruwa ya ci titi. Makarantar fiye da shekara ce, duk mun sani, amma ranar ba wanda ya tayar da zancen.

"Kira uwarki," in ji Omoni. "Yanzu. Ina son ganin ta."

Na danna lambarta. Ta daɗe tana ƙara, sannan fuskar Nanay ta bayyana.

"Nanay, an ba ni. Kuma na faɗe shi, ban ɓoye komai ba, an ba ni."

Ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu magana sai ta ce, "Na sani. Ai na gaya wa Tita Baby za a ba ki." Ku ji fa!

Omoni ta fizge wayar ta kara ta daf da hancinta. Matan nan biyu suka tsaya suna auna juna, ba mai jin yaren wata, ni ce a tsakiya.

"Tambaye ta ɗanta yana zuwa coci?" in ji Nanay da yarenmu.

"Nanay ta ce shagonku ya yi kyau," na ce da Koriyanci.

"Gaya mata 'yarta ba ta iya yanka kabeji ba, amma zan koya mata," in ji Omoni.

"Ta ce kin iya tarbiyya, Nanay."

Dukansu suka yi murmushi suna gyaɗa kai. Allah Ya yafe min, aikina na farko na tafinta da ƙarya na buɗe shi.

"Ba ni shi," Nanay ta ce.

Taeho ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya gaishe ta da yarenmu, da wata karyayyar gaisuwa da ban san inda ya koyo ba. Sannan ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan gilashin wayar, yadda muke ɗora hannun babba a goshi idan muna neman albarka. Na ga leɓen Nanay yana rawa. Ta yi sauri ta haɗe rai kafin a kama ta.

"Ba laifi, yana da kunya," ta ce. "Amma ki gaya musu ba a ba da 'yata ta waya. Kafin ki tashi Monterey ina nan tafe, in ga gidansu da idona. An riga an yanki tikiti."

"Nanay! Da gaske? Ke kaɗai za ki yi wannan doguwar tafiyar?"

"Ni kaɗai kamar marar gata?"

Ta juya wayar. Ga Tita Baby a kan kujerarmu, da sabon akwati a gabanta, tana ɗaga min hannu da zobba a kowane yatsa. A bayanta kuma wani dogo ya sunkuyo cikin hoton, ya yi min murmushi da haƙoran da suka fi farantin Omoni fari.

"Jomar bai taɓa ganin Koriya ba," in ji Nanay, "shi zai rako mu."

Omoni ta matso ta ƙura wa wayar ido, ta dafa ƙirji. "Aigo, wane ne wannan kyakkyawan? Yayanki ne?"

Taeho ya dube ni. Omoni ta dube ni. Daga can Waipahu mutum uku suka dube ni. Kowa ya yi tsit, ana jiran tafinta ta fassara.